Yadda Aka Sa Uwata Ta Kira Sunana

Ranar Alhamis ce, saura kamar mako biyu Kirsimeti, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, wata mata mai doguwar kwat da jakar fata ta zauna a falonmu na unguwar Highbridge da ke Bronx a birnin New York ta jawo wayar gidanmu ta aza a tebur tsakanina da ita. Hannuna na dama yana rataye a wuya cikin farin filasta, don 'yan kwanaki kafin nan na zame a kan ƙanƙarar da ta daskare a wata doguwar matakala da ke hawa tudun unguwarmu, na karye. Hitar ɗumama ɗaki tana ta ƙwanƙwasa a jikin bango, miyar kuka tana kan wuta, ƙanwata Rifkatu 'yar shekara biyar tana kan cinyar mahaifiyarmu. Matar daga hukumar kula da yara take. Ni kuwa ban fi 'yan watanni da sauka a Amurka ba, Turancina bai wuce na gaisuwa ba, shi ya sa ta kira wani tafinta a waya, mutumin da har yau ban san kamannin fuskarsa ba. Ta nuna mahaifiyata da biro ta yi tambaya, muryar cikin waya ta ce da ni, "Wai wace ce wannan matar a wurinka?" Na ce, "Yaya ce." Ya juya mata cewa yayata ce. Matar ta ɗaga gira ta sake tambaya, shi kuma ya ce, "To ina innarka?" Na ce, "Inna ta rasu." Ya juya mata cewa uwata ta mutu. Gaskiya na faɗa duka biyun, kuma ita ta jefa ni cikin abin da zan ba da labari.

Mai Jaka, haka muka riƙa kiran matar daga baya, ta ajiye biro ta juya wajen mahaifiyata, wadda ke jin Turanci sarai tun da aikinta kula da tsofaffin Turawa ne a gidajensu. Ta tambaye ta kai tsaye ko ni ɗanta ne. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai ta gyara wa Rifkatu kitson da ba abin da ya same shi, ta ce ai na uwar mijinta ne. Mai Jaka ta ce to yaya sunansa. Sai mahaifiyata ta taɓa Rifkatu ta ce, "Faɗa mata sunan yayanki." Mai Jaka ta ɗaga kai ta dubi bango. Hoton Rifkatu ne a jere, na jarirantaka, na baftisma, na makarantar yara, da hoton marigayi babanmu da hular kammala karatu. Nawa babu ko ɗaya. Ta yi ta rubutu, biron yana gudu, mahaifiyata kuma ta miƙe ta tafi duba miya don ta zuba wa baƙuwa.

Bari in yi bayani, tun da a ranar ba wanda ya nemi bayani. Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana jin kunyar ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta cewa nata ne. Kakarsa ce ke da shi, ita za ta goya shi, ita zai kira Inna, uwar da ta haife shi kuma ya kira ta Yaya. Ni nawa ma ninki biyu ne, domin sunan kakana na wajen uba aka sa mini, Ishaya, sunan surukin da mahaifiyata ba ta taɓa bari ya bi ta harshenta ba tun ranar da aka kai ta gidan. In za ta kira ni sai ta ce "kai," in za ta yi zancena da wani sai ta ce "ɗan Inna." Ko yaron goye a garinmu ya san wannan, ya kuma san cewa wanda uwa ke kau da kai daga gare shi, shi ne a can cikin ƙirjinta. Tafintan nan Bahaushe ne, na ji a bakinsa, ba shakka shi ma ya sani. Kalma biyu zai ƙara wa matar nan a wuce wurin. Bai ƙara ba, wai shi aikinsa juya magana ne kawai. Allah ya isa tsakanina da irin wannan aiki.

A wani ƙauye kusa da Malumfashi na tashi. Hausawa ne mu, Kiristoci, ƙwarai akwai mu, na gaji da amsa wannan tambayar. Ina ɗan shekara uku iyayena suka taho New York suka bar ni hannun Inna, kuma ba a kira wannan yasarwa ba, hakkinta aka ba ta. Inna tana kirana "angona," tana tsokanata wai na cika rowa ban taɓa kawo mata cefane ba. Da damina ina bin ta gona da 'yar fartanyata, in gero ya fara nuna ni ke korar tsuntsaye da gwangwani da tsakuwa, da kaka mu tono gyaɗa mu ƙona a gindin kuka baki ya yi baƙi ƙirin. Ina da akuya mai taurin kai da ta san hanyar rumbun maƙwabta fiye da hanyar gida. Da yamma mu yi langa a filin coci har mai bishara ya fito ya kore mu. In matafiyi ya zo daga Amurka yakan kawo kaset, a taru a tsakar gida a sa a rediyo. Mahaifiyata za ta gaida kowa da sunansa, Inna, baffanni, matan gida, har kurman da ke ɗebo mana ruwa, sai can ƙarshe muryarta ta yi ƙasa ta ce, "A gaida yara." Ni kaɗai ne yaron gidan. Inna takan dangwari ƙeyata ta ce, "Ka ji naka, duk kaset ɗin don shi aka yi."

Babanmu ya rasu a nan Amurka ban gan shi ba, bayan shekara biyu Inna ma ta bi shi, aka sa ni a jirgi. A filin jirgi mahaifiyata ba ta rungume ni ba, ni ma da ta yi da na nemi inda zan ɓuya. Jakata ta karɓa ta ce, "An iso lafiya?" tana kallon jakar. Amma a gidan nan ban taɓa sa safa mai sanyi ba, kullum da safe a kan hita nake samunsu. In na gutsuri tuwo sai in tarar da tsokar da ta fi kowace girma a binne a ƙarƙashi, a gefena. Ranar da na karye, daga wurin aiki ta taho asibiti da silifas a cikin wannan sanyi, ta manta kwat ɗinta a gidan tsohuwar da take jinya. Ta iso bakin ƙofa tana haki, ta gan ni zaune da raina, sai ta tsaya cak, ta kau da fuska, ta shiga tambayar likita abin da za a saya. Ni na ga yadda hannunta ya damƙe ƙarfen gado tamau. Nas ɗin da ke wurin ba ta ga hannu ba, fuska ta gani, uwar da ba ta taɓa ɗanta ba, ba ta ko dube shi ba. Ita ce ta kira hukuma.

Ba a kai Kirsimeti ba aka zo aka ɗauke ni. Fastonmu ya bar aikinsa ya je ofishinsu ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Aka kawo shaidar haihuwa, ta tabbata cewa ita ta haife ni. Ka ce magana ta ƙare ko? Ina, sai ma ta ƙara lalacewa. Da suna zargin ba ɗanta ba ne, yanzu kuma suka ce ga uwar da ke musun ɗan cikinta a gabansa, tana fifita ƙaramar, ba ta iya faɗin sunansa. Suna da kalmarsu da suke maƙala wa irin wannan, neglect, wato an yi watsi da yaro, an yi sakaci da shi. Kalmar Turanci ta farko ke nan da na koya da kyau, na iya rubuta ta kafin in iya rubuta adireshin gidanmu. Aka tambayi addininmu aka ce Kirista, aka ce Katolika ko Furotestan, aka ce Furotestan. Da wannan aka zaɓa mini wuri, kamar yadda ake ware wake da tsakuwa. Ranar tafiya mahaifiyata ta haɗa mini kaya a jakar da na zo da ita daga gida, ta tsaya a saman bene da Rifkatu a hannu. Ba ta yi kuka a gabansu ba, wannan ma sun rubuta.

Wurin yana can ƙarshen tsibirin Staten Island, inda gidaje suke ƙarewa sai itatuwa. Jan gini ne mai hawa uku da dogayen tagogi, da ɗakin sujada, da filin da aka ce da gona ce. A saman babbar ƙofa akwai dutse da aka sassaƙa rubutu, kuma da na fara karatu na karanta shi da kaina: makarantar koyon sana'a ce ta yara maza 'yan Furotestan waɗanda aka yi watsi da su. Tun zamanin kakannin kakanni masu hali na coci-coci suke gina irin waɗannan wurare. A tsinto yaran talakawa a titi, ko a karɓe su daga iyayen da aka ga ba su isa ba, kowace ɗarika ta kwashi nata don kada wata ta riga ta, a koya musu ɗinkin takalmi da gashin burodi da noma da tsoron Allah. A zauren cin abinci hotunansu ne a jere, yara farare da askin ƙwal-kwabo, kowa riƙe da guduma ko bokitin madara, ba mai dariya ko ɗaya. A zamanina fararen sun ƙare, mu baƙaƙe ne da masu jin Sifaniyanci, an kuma canza wa wurin suna zuwa wani mai daɗin ji. Dutsen dai ba a cire ba. Kullum sai na bi ta ƙarƙashinsa in shiga cin abinci, ni da na bar tsoka binne a tuwo.

Ƙararrawa ce ke tashinmu, ita ke zaunar da mu, ita ke kwantar da mu. Da asuba a gyara gado a ja bargo ya miƙe sumul, in ya yi ƙudu a yaye a ce sake. Sai shara da goge dogon baranda da tsumma mai sanda, wasu su tafi kicin wankin tire, wasu ɗakin wanki ninke zannuwan gado. Da hannu ɗaya na fara, ba a ɗaga mini ba. Abinci kuwa, don Allah wane mai hankali ne ke zuba sukari a wake? Ranar farko na ɗauka tsokana ce. Madara mai sanyi kamar ƙanƙara, nama marar yaji marar gishiri, burodin da in ka matse shi sai ya koma ƙulli ɗaya. Yaran suka sa mini suna Afirka, suna tambayata ko da zaki nake kwana. Wani dogo ya ƙwace mini safar da mahaifiyata ta sa mini a jaka, na jira aka cire filasta, na kama shi a fili na yi masa kayen da ake yi a dandalinmu, ƙafa sama kai ƙasa. An hana ni fita wasa na mako guda, an kuma rubuta cewa ina da fushi a ciki, alamar yaron da bai sami ƙauna ba. Komai na yi, laifin uwata ne. Daga baya na koya wa yaran langa, suka koya mini jefa ƙwallo a raga. Da bazara aka ba mu kunyoyin tumatir a bayan kicin, wai za a koya mini noma. Ni za a koya wa riƙon fartanya.

Bayan azahar aji na kafinta ne, a wani dogon ɗaki mai warin katako da gam. Malamin wani tsohon Bature ne mai rawar hannu, yatsansa ɗaya guntu, muna ce masa Tsoho. Ya koya mana jan zarto ba tare da an danne shi ba, da buga ƙusa a karkace don ta riƙe, da goge katako da sanfefa har ya yi laushi kamar kumatu. Ba mugu ba ne, yakan ɓoye mana alewa a aljihun rigar aikinsa. Muna yin ƙananan benci da akwatin tsuntsaye, a jera su ranar da masu ba da taimako za su zo. Ranar nan a sa mana fararen riguna mu yi waƙar sujada, mata masu turare su shafa kanmu su ce kaico. Wata ta riƙe haɓata ta ce da abokiyarta dubi idonsa, ko wace irin uwa ce za ta ƙi wannan. A lokacin na fara jin Turanci, kuma da ban ji ba da ya fi mini. Na so in cije mata yatsa, har yau ina ganin da na cije ɗin da ban yi asara ba.

Tsoho ne ya sa tsoro ya shige ni sosai. Wata rana ya kai ni zauren abinci ya nuna mini wani yaro a cikin hotunan nan, mai manyan kunnuwa, riƙe da takalmi. Ya ce shi ne. Yana ƙarami aka kawo shi, uwarsa tana da rai, wanki take yi a otal tun safe har dare, maƙwabta suka ce yaro yana yawo a titi ba mai kula. Ta riƙa zuwa dubiya, sannan ta rage, sannan aka ce masa zuwanta yana tayar masa da hankali, aka dakatar. Daga nan aka tura shi aikin gona wurin wasu mutane, da ya girma ya dawo nan ya nemi aiki, don bai san wani gida ba. Na ce da guntun Turancina, uwarka fa? Ya ce bai sake ganinta ba. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Wurin nan ya cece ni, kai ma zai cece ka." Yana murmushi ya faɗa, da zuciya ɗaya. Na dubi tsohon nan da aka raba da uwarsa har ya tsufa yana godiya. Tun daga ranar na san abin da ke gabana in ba a mayar da ni gida ba.

Kowace Lahadi bayan sujada mahaifiyata takan taso daga Bronx da Rifkatu, su shiga jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, su hau jirgin ruwa su ƙetare zuwa tashar St. George a bakin tsibirin, su kama bas har inda ya tsaya, sannan su taka. Ba ta taɓa fashi ba, ko ana zubar da dusar ƙanƙara. Takan zo da kula a naɗe cikin tawul, tuwon shinkafa da miyar taushe, wani lokaci dambun nama da ta kwana tana daka. A ɗakin ganawa akwai matar da ke zaune a kusurwa tana kallonmu, aikinta ke nan. Mahaifiyata za ta buɗe kula ta tura gabana ba tare da ta ɗago ba, ta ce da Rifkatu, "Ce wa yayanki ya ci tun da zafi." Can kuma, "Tambaye shi ko bargon yana isarsa." Ni ma in amsa wa Rifkatu, ita kuma tana tsakiya tana juya kai kamar mai kallon wasa. Da gefen ido take auna ni, ta san na rame, ta san an yi mini aski da reza marar kaifi. A wannan awa guda nake samun abin da zai riƙe ni har wata Lahadin. Matar kusurwa kuma ta rubuta cewa uwar ba ta yi wa yaron magana ba, ba ta taɓa shi ba, ba a sami ci gaba ba.

Haka hunturu ya wuce, bazara ta wuce. Lauyar da kotu ta ba mahaifiyata ta gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: alƙali abin da matar kusurwa ta gani yake karantawa, kuma an fara zancen nema mini wasu iyayen riƙo na dindindin. In tana son ɗanta, ta kira sunansa, ta rungume shi, ta ce tana ƙaunarsa, da ƙarfi, a ji. An ce mahaifiyata ta ce, "Sunan surukina ne fa." Lauya ta ce wannan ba ya cikin abin da kotu ta sani. Matan zumuntar cocinmu suka cika falonmu, wata ta ce ai nan Amurka ce a ajiye al'ada, wata ta ce Ubangiji ya san zuciya, ki yi musu abin da suke so. Duk suna da gaskiya, kuma a wurinsu abu ne mai sauƙi. Wanda bai tashi a cikin abin ba ba zai gane ba. Kamar a ce wa mace ta tuɓe a tsakiyar kasuwa ne kafin a ba ta ɗanta. Rifkatu ta gaya mini bayan mun girma cewa a makonnin nan, in sun hau jirgin ruwa, mahaifiyarmu takan bar ta a kan benci ta fita waje inda iska da ƙarar inji suke, ta kama ƙarfe ta fuskanci ruwa, bakinta yana motsi. Rifkatu ta ɗauka addu'a take yi. Sunana take koyon faɗa.

Ranar da ta yi, ba ta ko buɗe kula ba. Ta shigo ta ajiye jaka, ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta dubi matar kusurwa don ta tabbata tana kallo, sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ishaya." Muryar ba tata ba ce. Ta ce, "Ishaya, ɗana, zo." Na kasa motsi. Ita ta tako ta jawo ni jikinta, hannuwanta a sandare kamar itace, zuciyarta tana bugun kumatuna, ta faɗi kalmomin ƙauna nan uku na Turanci da lauya ta koya mata. Gumi ya jiƙa mata riga. A kunnena kuma, can ƙasa, ta ce da Hausa, "Ka yi haƙuri." Ita ke ba ni haƙuri. Na fashe da kuka, kukan baƙin ciki, don na ga an tsirara uwata a gabana kuma saboda ni aka yi. Matar kusurwa ta share ƙwalla, ta ji daɗi, ta rubuta cewa yau an sami babban ci gaba. Ba a jima ba aka sallame ni. Tsoho ya ba ni ƙaramar guduma kyauta, na bar ta a ƙarƙashin kujerar jirgin ruwa.

Na koma gida, amma ba gidan da na bari ba. Hotona ya hau bango, babba, ya fi na kowa. Mahaifiyata ta shiga kiran sunana ba dalili, a kan bene, a shago, a bakin makaranta, da ƙarfi, musamman in ta hango wata mai jaka da takalmin ofis. In malamata na wurin sai ta dafa kaina tana murmushin da bai kai ido ba. Duk kira ɗaya sai na ji kamar an mare ni, domin na san ba ni take kira ba, su take nuna wa. Wannan "kai" ɗin da take faɗa a hankali tana kallon tukunya, wanda nawa ne ni kaɗai a duniya, ya tafi. Ta daina aiko Rifkatu. Ko ƙwanƙwasa ƙofa aka yi sai ta zabura. Shekara da shekaru muka yi haka, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mun yi kuskure. A wurinsu an gyara wata uwa, an ceci wani yaro, aiki ya yi kyau. Na ji an rufe makarantar tuni, an mai da ginin gidajen haya masu tsada. Ban je na gani ba, ba kuma zan je ba. Bas nake tuƙawa a Bronx, kuma in kujera ta karye a gidana kafinta nake kira.

Yanzu mahaifiyata ta tsufa, tana wurin Rifkatu, tunaninta ya fara yoyo. Takan manta ko ta ci abinci, takan nemi silifas ɗin da ke ƙafarta, Turancinta ma ya zube saura kaɗan. Amma tana kiran Rifkatu da suna, tana kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har kurman da ke ɗebo ruwa a ƙauye takan tambaya. Tun bara ne ta daina kiran nawa. In na shigo na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni," sai ta juya fuska wajen taga ta gyara ɗankwali, can ta ce da Rifkatu, "Ɗan Inna ya ci abinci kuwa?" Rannan yarinyar da ke zuwa jinyarta ta biyo ni har bakin ƙofa, yarinya mai kirki, ta ce kada in sa a raina, masu wannan ciwo sukan manta sunan wanda suka fi kusa da shi, za ta gaya wa likita abin ya ƙaru. Na ce ta gaya wa duk wanda ta ga dama. Na sauka na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Shekara talatin ina jira a daina kirana, ashe sai ciwo ne zai dawo mini da uwata. Ni ba ta manta da ni ba, tsoron ne ta manta.